Tace ƙazamin ruwa a ƙananan garuruwan arewacin Kamaru

Tace ƙazamin ruwa shi ne raba ruwan masai, wanka da wanke-wanke da dattin da ke cikinsa kafin a sake shi ya bi rafi ko ya nutse a ƙasa. A arewacin Kamaru yawancin gidaje salga suke haƙawa, ruwan wanka kuwa rariya ke fitar da shi zuwa kwata, daga nan sai rafi.

Ruwan yankin gida biyu ya rabu. Na wajen Garwa yana faɗawa kogin Binuwai, mai tsawon kusan kilomita 1,400, ya ratsa Yola da Makurɗi, ya haɗu da Neja a Lakwaja, ya ƙare a tekun Atlantika. Wato abin da aka zubar a Garwa yana iya shafar masunta na gaɓar teku. Na Marwa kuwa, ta rafukan Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga, fadamar Yayre yake malala, ita kuma tana cikin kwarin Logon, kogin da ke haɗuwa da Shari tsakanin Kuseri da Njamena. Su biyun ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shiga Tafkin Chadi, tafkin da ba shi da mafita zuwa teku.

Hanyar tacewa da ta fi dacewa da ƙaramin gari ita ce jerin kududdufai, don ba ta buƙatar lantarki ko inji, rana ce ke yin aikin. Na farko mai zurfin mita 2 zuwa 5 ne. Nan kauri ke kwantawa ya ruɓe, kuma shi ne mai wari, shi ya sa ake nisanta shi da gidaje. Na biyu bai wuce mita 2 ba, ruwansa kore shar saboda gansakuka, wadda ke samar da iskar da ƙananan halittu ke buƙata don cinye sauran dattin. Na ƙarshe ba zurfi, hasken rana na kashe ƙwayoyin cuta, ƙwan tsutsar ciki kuma ya kwanta ƙasa. Ruwa kan yi makonni kafin ya fita. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga ruwan ban-ruwa ita ce kada ƙwan tsutsa ya wuce 1 a lita, abin da ya shafi masu lambun salak da tumatir kai tsaye.

Akwai kuma fadamar da ake ginawa da tsakuwa da yashi a shuka kacalla ko makamanciyarta, ruwa ya bi ta saiwoyi. Ta fi dacewa da makaranta ko asibiti.

Ginin ba shi ne mai wuya ba, kulawa ce. Kududdufin farko yana cika da laka, sai an yashe shi bayan 'yan shekaru, in an bar ciyawa a bakinsa kuma sauro ya samu gida. Masu yashe salga, in babu wurin da aka ware musu, bayan gari ko busasshen rafi suke juyewa, ruwan farko na damina ya kwaso. Ambaliya irin ta 2012 a Binuwai da ta 2022 a Njamena kan cika masai ta haɗa shi da rijiya, hanyar da amai da gudawa ke bi ke nan. Cutar ta yi ɓarna a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru a 2010. Don haka ake son masai ya nisanci rijiya da mita 30, gindin raminsa kuma ya ɗara ruwan ƙasa da mita 1.5 aƙalla. A filayen Logon, inda ruwan ƙasa ke kusa, ɗaga masan ake yi a kan tudu.