Wanda bai furta kalmar shahada ba, ya yi mummunar cikawa ne?

A zaman makoki tsakanin Hausawan Shara Mansur da ke Makka, tambayar da ake fara yi ita ce: "Ya samu yin kalmar shahada?" In aka ce a'a, sai jikin iyalai ya yi sanyi, wasu har su koma gefe suna raɗe-raɗi. Wannan fahimta ta daɗe, kuma tana cutar da bayin Allah.

Hadisin Mu'azu ɗan Jabal da Abu Dawuda ya ruwaito bushara ce ga wanda "La'ilaha illallah" ta zama maganarsa ta ƙarshe. Bai yanke hukunci kan wanda bakinsa ya kasa motsi ba. Muslim kuma ya ruwaito daga Usmanu ɗan Affan cewa wanda ya mutu yana sane da babu abin bauta wa da gaskiya sai Allah zai shiga Aljanna. Shi kansa Annabi (SAW), da ya yi wafati a Madina shekara ta 11 bayan Hijira, Nana A'isha ta ce abin da ya furta a ƙarshe shi ne "Allahumma ar-Rafiƙal A'ala".

To ina laifin dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta riƙe wa harshe, ko baiwar Allah da ke doguwar suma, bututun numfashi a maƙogwaronta?

Abin da ya fi damuna shi ne masu tsayawa kan mara lafiya suna ɗaga murya, "Baba, faɗi! Maimaita!" Malamai sun hana matsa masa, kada ya ƙosa. A laƙƙana masa a hankali kusa da kunne. In ya faɗa sau ɗaya a bar shi, sai in ya sake wata magana.