Waiwaye: Daga teburin duba ɗinki zuwa ruwan da ke fita daga marina

Kafin zuwan keken ɗinki, wanda ya yanka riga shi ke ɗinka ta, idan hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo kuwa an san wanda za a tuhuma. Keken Singer na 1851 da masana'antun da suka biyo bayansa sun rarraba aikin: wannan wuya, wancan aljihu, wata maɓalli. Sai aka ajiye mai dubawa a ƙarshen layi yana ware na kirki. Aibin tsarin shi ne sai an gama ɓarna ake ganinta.

A 1924 Walter Shewhart na kamfanin Bell a Amurka ya fito da jadawalin bin aiki tun ana cikin yinsa. Sojojin Amurka kuma, a Yaƙin Duniya na Biyu, sun daidaita hanyar ɗaukar samfuri, wadda ta zama ma'aunin AQL, wato iyakar aibin da za a lamunta a cikin kaya, da masu sayen kaya ke aiki da shi har yau. A mataki na 2.5, idan riguna 1,000 ne, ana zaro 80. Aka samu biyar masu babban aibi, kaya sun wuce. Suka kai shida, an mayar da su duka. Shi ma yadi ana ba shi maki kafin almakashi ya taɓa shi: aibin da bai wuce inci 3 ba maki ɗaya, wanda ya haura inci 9 maki huɗu.

Duk wannan lissafi a kan rigar ya tsaya. Ruwan da aka rina ta ba ya ciki.

Shi rinin zamani ya faro ne a 1856, lokacin da William Perkin, ɗan shekara 18 a Landan, yana neman haɗa maganin zazzaɓi daga kwaltar gawayin kwal sai ya samu launin shunayya. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta. A 1956 kamfanin ICI na Birtaniya ya kawo rinin da ke kama zaren auduga kai tsaye, wanda ya rage zuba da koɗewa ƙwarai. Sai dai ba ya shiga zare sai an zuba gishiri mai yawa da soda, kuma wani kasonsa da ruwan yake haɗuwa maimakon audugar. Wannan kason, da gishirin gaba ɗaya, kwata suke bi.

Turai ta fara farga ne ta wajen fatar mai sawa. Tambarin Oeko-Tex, mai shaida cewa an gwada yadi don gano sinadarai masu cutarwa, ya fito a 1992, Jamus ta hana wasu daga rinin da ake kira azo masu sakin sinadarin da ke jawo ciwon daji a 1994, Tarayyar Turai ta bi a 2002. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 14001 na 1996 ya zo da tsarin kula da muhalli irin wanda ISO 9001 ya kawo wa inganci a 1987. Amma ana iya wanke riga tas ta ci jarrabawar ɗakin gwaji, dafin kuma yana can cikin kogin ƙasar da aka rina ta. Da aka janye ƙayyade yawan tufafin da kowace ƙasa za ta iya fitarwa zuwa Turai da Amurka a farkon 2005, aiki ya ƙara tattaruwa a Sin, Bangladesh da Indiya, koguna suka ɗauki nauyin.

Shekarar 2011 ce ta juya akalar. A watan Janairu Babbar Kotun Madras ta rufe marina kusan 700 a garin Tirupur na Indiya saboda gurɓata kogin Noyyal, har sai sun daina sakin ko ɗigon ruwa. A Yuli ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta fallasa abin da ke fita daga bututun wasu masana'antu a Sin, manyan kamfanonin tufafi suka kafa ƙungiyar ZDHC, wadda ke hana sinadari mai cutarwa tun daga ƙofar shiga masana'anta.

A nan ne ɓangarorin biyu, duba inganci da kula da ruwa, suka gamu, kuma masu aikin rini sun daɗe da sanin haka. Launi yakan kauce ne saboda awon rini bai yi daidai ba, ko ruwan na da ƙarfe da gauri, ko an zuba soda da wuri, ko zafi ya hau da sauri. Gyaransa shi ne a kankare launin da sinadari a sake rini: sabon ruwa, sabon gishiri, sabon tururi, ga yadi ya yi rauni. Saboda haka adadin tukwanen da suka fito daidai a karon farko ya fi kowace takardar shaida nuna abin da masana'anta ke zubarwa.

A Tirupur yanzu ana tace ruwan a mayar da mafi yawansa tukunya, a dafa ragowar har ya ƙafe. Abin da ke saura gishiri ne gauraye da rini, wanda ake jibgewa cikin buhuna a rumbuna, kuma dole a kare shi daga ruwan sama don kada ya narke ya koma ƙasa.