Rolls-Royce Silver Shadow: Fasalin Gangar Jiki

Silver Shadow motar alfarma ce da kamfanin Rolls-Royce ya ƙera a masana'antarsa da ke Crewe a Ingila daga 1965 zuwa 1980. An san ta a tarihin ƙirar motoci saboda yadda ta sasanta abubuwa uku da ba su cika zama inuwa ɗaya ba: kyan sura, ganin hanya, da walawar fasinja.

Kafin zuwanta, motocin kamfanin suna da shasi daban, wato firam ɗin ƙarfe na ƙasa da ke ɗauke da inji da tayoyi, sannan a ɗora gangar jiki a kai. Masu kuɗi kan sayi shasi da inji, su kai wa gidajen ƙira irin su Hooper, Park Ward ko H. J. Mulliner su gina musu bodi yadda suke so. Silver Cloud ta 1955 ta gaji wannan tsari: dogon bonet, rufi mai tsayi, murfin tayoyi masu lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Kwarjini kam tana da shi. Sai dai shasin yana tilasta a ɗaga daɓen motar sama, lanƙwasar gefe na cinye faɗin kujeru, kauri na ginshiƙan baya kuma na rage wa direba gani.

John Blatchley, wanda shi ne ya zana Silver Cloud ɗin, shi ya jagoranci zanen magajiyarta. A lokacin masu sayen irin waɗannan motoci da yawa sun fara tuƙa kansu, ba sa jiran direba, titunan birane kuma sun cika. Sai aka haɗe shasi da gangar jiki suka zama abu guda, karon farko a tarihin kamfanin. Daɓe ya sauka ƙasa, gefuna suka miƙe, gilasai suka ƙara faɗi. Motar ta fito gajeruwa da kusan santimita 20 kan Silver Cloud, ta fi ta ƙasa, ba ta kai ta faɗi ba, amma cikinta da but ɗinta sun fi yalwa. Nan ne gwanintar aikin take.

Sai dai sauyin bai zo ba tare da asara ba. Wasu masoyan tsohuwar sura sun ga ta yi kama da akwati. Ragar gaba mai kama da ginshiƙan haikalin Girka an rage mata tsayi, ko da yake ita da gunkin da ke samanta sun ci gaba da bayyana asalin motar tun daga nesa.

Ga masu zama a baya, an fitar da doguwar samfuri mai ƙarin kusan santimita 10 a tsakanin tayoyin gaba da na baya, wadda daga 1977 ake kira Silver Wraith II. A yawancinsu an ƙanƙanta gilashin baya da gangan don sirrin mai gida, wasu kuma har da gilashin da ke raba shi da direba. An ƙera sama da 30,000 na dangin Silver Shadow.