Ƙungiyar injiniyoyin man fetur: wa ke jan ragama, wa kuma ake bari a baya?

Duk wanda ya saba zuwa tarukan harkar mai da iskar gas a Abuja ya san yadda ake tashi. Manya su shige motocinsu, a bar samari da 'yan mata a bakin ƙofa, wasu ɗalibai ne, wasu 'yan bautar ƙasa, kowa riƙe da jakar da aka raba, yana neman wanda zai yi wa tambaya. Tambayoyin nasu kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tattaro su a nan.

Wace ƙungiya ce wannan SPE da ake yawan ambata?

SPE, wato Society of Petroleum Engineers, ƙungiya ce ta injiniyoyin man fetur da sauran masu aikin nemo mai da iskar gas da haƙo su. Asalinta daga Amurka ne. Ta tsiro ne daga cikin tsohuwar ƙungiyar injiniyoyin ma'adinai ta ƙasar, wadda aka kafa a 1871, ta samu sunanta na yanzu a 1957, kuma babban ofishinta yana jihar Tekzas. A Nijeriya tana da rassa biyar: Legas, Fatakwal, Warri, Benin da Abuja, da kuma majalisa ta ƙasa da ke haɗa kansu. Babban taronta na shekara, NAICE, a Legas aka saba yin sa wajen watan Agusta. Abuja kuwa ita ke karɓar laccar Oloibiri, wadda aka sa wa sunan garin nan na jihar Bayelsa inda aka fara samun mai na kasuwanci a 1956.

Ashe ba ita ce ke ba injiniya lasisin aiki ba?

A'a. Rajistar injiniya a Nijeriya aikin hukumar COREN ne, wadda doka ta kafa a 1970. Akwai kuma NSE, uwar ƙungiyar injiniyoyin ƙasar nan ta kowane fanni, tun 1958. Idan kuma maganar albashi ce ko korar ma'aikata ko yajin aiki, wannan gonar PENGASSAN da NUPENG ce, ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan mai. SPE ba ta ba da lasisi, ba ta kiran yajin aiki, ba ta kuma raba guraben aiki, ko da yake da yawa sun samu aiki ta hanyar wanda suka sani a cikinta. Hajarta ilimi ce da sanayya: mujallar JPT, rumbun maƙalolin bincike na OnePetro a intanet, laccoci, horaswa, da haɗa ƙarami da babba.

Su wa ke shugabancinta, kuma nawa ake biyan su?

Wannan tambayar takan ba ni dariya, domin mai yin ta yakan ɗauka akwai romo. Shugabannin reshe aikin sa-kai suke yi. Shugaba, sakatare, ma'aji, mai tsara shirye-shirye, mai kula da mambobi, dukkansu suna da aikinsu na cin abinci a wani wurin, wani a kamfanin NNPC, wani a NUPRC ko NMDPRA, hukumomin sa ido kan harkar mai da dokar man fetur ta 2021 ta samar, wani malami ne a jami'a. Bayan an tashi daga ofis suke zama su yi na ƙungiya. Wa'adin ma gajere ne, galibi shekara guda. Ko shugaban ƙungiyar na duniya shekara ɗaya yake yi a kujera, sai dai yakan yi shekara yana jiran gado, ya kuma ƙara wata bayan ya sauka yana dafa wa magajinsa. Ɗan Nijeriya ya taɓa hawa wannan kujera: Egbert Imomoh, shugaban 2013, wanda shi ne ɗan Afirka na farko da ya riƙe ta.

Gajartar wa'adi tana da amfani, ba a bari mutum ya mayar da kujera gadon gidansu. Amma tana da illa da ba a cika faɗa ba. Kafin sabon shugaba ya gane inda takardu suke, ya san kamfanin da ke amsa wasiƙar neman tallafi da wanda sai an taka da ƙafa, rabin shekara ta wuce. Reshen da ba shi da al'adar miƙa ragama a rubuce, da jerin mambobi da lissafin kuɗi da alƙawuran da aka ɗauka, kowace shekara daga tushe yake farawa. Ni a ganina, wanda ya bar wa magajinsa kundi tsaf ya fi wanda ya tara hotunan liyafar cin abincin dare.

To mene ne wahalar kai wa ga mambobi? Ba dandalin WhatsApp ake buɗewa ba?

Ana buɗewa, kuma cikin wata biyu ya koma wajen gaisuwar Juma'a da tallan fili a Lugbe. Matsalar ta fi nan zurfi, kuma ta samo asali ne daga yanayin aikin kansa.

Ɗauki injiniyan da ke aiki a kan teku. Yakan yi makonni a wajen haƙa, ya dawo gida ya yi wasu makonnin. Idan aka sa taron wata-wata ranar Alhamis da yamma a wani otal a Maitama, rabin shekara ba ya gari, sauran rabin kuma iyalinsa na da haƙƙi a kansa. Ɗauki matashin da ke zaune a Mararaba ko Kubwa: a tashi taro ƙarfe takwas na dare, ya fito neman mota, kuɗin zuwa da dawowa ya kusa cinye na abincin kwana biyu. Ɗauki injiniya mace mai goyo, ko wadda maigidanta ba zai so ta kai dare a otal ba, ko da lacca ake yi a kan matsin rijiya. Duk waɗannan sun biya kuɗin ƙungiya, amma an tsara taron ne daidai da rayuwar manaja mai direba. Sai a zauna a kwamiti ana cewa mambobi ba su da kishi.

Ga kuma maganar kuɗin shekara, wanda da dala ake ƙiyasta shi. Ƙungiyar takan sassauta wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma tun da darajar naira ta zube daga 2023, abin da babban ma'aikaci ba zai ji ba ya zama nauyi a kan wanda ya gama karatu bai samu aiki ba. A daidai wannan gaɓar ake asarar mutane: yana ɗalibi yana zuwa komai, ya kammala, ya shiga bautar ƙasa, sai a neme shi a rasa. Mai kula da mambobi da ya san aikinsa ba ya jiran a zo, yakan ɗauki jerin waɗanda ba su sabunta rajista ba, ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa, yau kuma har da katin waya.

Mu 'yan Arewa fa, ina ruwanmu da ƙungiyar mutanen Neja Dalta?

Da ma haka ake kallonta, kuma ba a rasa dalili ba: huɗu daga cikin rassa biyar suna Kudu, inda rijiyoyin suke. Amma duba abin da ke ƙasa. Matatar mai ta Kaduna tana nan tun 1980. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe, a 2023 kuma aka fara haƙa a Obi ta jihar Nasarawa, nan kusa da mu. An daɗe ana neman mai a yankin Tafkin Cadi. Ga bututun iskar gas na AKK daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614. Ko waɗannan ayyuka sun yi sauri ko sun yi nawa, hannun injiniya suke buƙata.

Ana kuma koyar da fannin a nan: Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, Jami'ar Bayero a Kano, da jami'ar AUST a Abuja, ban da dubban da suka karanta injiniyancin sinadarai a Zariya ko ilimin duwatsu a Jos. Asusun bunƙasa fasahar man fetur, PTDF, mai hedikwata a Abuja, ya daɗe yana tura 'yan ƙasa karatu a wannan fanni.

Abin da wannan ke nufi shi ne reshen Abuja ya ɗauki kaya mafi faɗi: shi ne mafi kusa da ɗalibin Bauchi da na Kano da na Maiduguri. Ɗalibin Fatakwal yana iya hango harshen wutar gas daga makaranta, ƙila ma maƙwabcinsu a kamfanin mai yake aiki. Na Bauchi kuwa zai iya kammala digiri bai taɓa tsayawa kusa da injin haƙa ba. Idan babu wanda ya tako daga Abuja ya tsaya a gabansa ya ce ga yadda aikin yake, to littafi kawai ya sani. Tafiyar sa'o'i ce a mota, ga halin da hanyoyi suke ciki, na sani. Amma lacca ta bidiyo ba ta buƙatar rakiyar 'yan sanda.

Ɗalibi me zai samu in ya shiga?

Damar karanta maƙalolin da malamansa ma ke nema, shiga gasar gabatar da bincike, da gasar kacici-kacici ta PetroBowl da ake fafatawa tsakanin jami'o'in duniya. Akwai kuma tsarin haɗa ɗalibi da gogaggen injiniya ta intanet don ya riƙa ba shi shawara. Akwai wani amfanin da ba a rubuta shi a takarda: wanda ya taɓa shirya taron ɗalibai ɗari, ya rubuta wasiƙar gayyata, ya tsaya ya gabatar da baƙo da Turanci ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, ranar ganawar ɗaukar aiki ba ya zama baƙo.

Yaya ake gane shugabancin reshe yana aiki?

Kada ka duba girman allon talla. Tambayi mutum nawa ne cikin waɗanda suka shiga bara suka sabunta bana. Tambayi sau nawa aka je jami'ar da ke wajen Abuja, kuma an koma ko sau ɗaya ne aka je aka ɗauki hoto. Duba teburin shugabanni, ka ga ko akwai mace, ko akwai ɗan ƙasa da shekara 35, ko kuwa duk daga kamfani ɗaya suka fito. Sannan ka tambaya ko ma'aji ya karanta lissafin kuɗi a gaban mambobi.

Ina so wata rana in yi shugabanci. Ta ina zan fara?

Daga teburin rajista. Je ka taro na gaba da wuri, ka sami mai tsara shirye-shirye, ka ce masa: “Ranka ya daɗe, wane aiki zan kama?” Zai ba ka jera kujeru ko rubuta sunayen mahalarta ko kiran waɗanda ba su zo ba. Karɓi na ukun. Cikin wata shida za ka san mambobin reshen fiye da shugaban kansa, ka san wanda ya koma Warri, da wanda ya rasa aiki yake jin kunyar zuwa, da wadda ta haihu take so a riƙa turo mata laccar a waya. Lokacin da kwamitin zaɓe zai zauna neman wanda zai riƙe kujerar kula da mambobi, ba sai ka yi kamfe ba.