Wai an haramta fitilar zenon a motar a-kori-kura? Ga abin da dokar ta ce

Kwana biyun nan maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu a-kori-kura, wannan ya ce an haramta fitilar zenon, wato fitilar gaban mota mai farin hasken nan mai ƙarfi, kwata-kwata, wancan ya ce duk wanda aka kama da ita a Amurka tarar sama da dala 20,000 ce a kansa har da ƙwace mota, can kuma ga wasu suna cewa ai babu komai in dai akwai tambarin DOT, wato ma'aikatar sufuri ta Amurka, a jikin kwalin fitilar. Duka ukun nan ba haka abin yake ba, kuma abin da ya dame ni shi ne mai tsoro zai je ya cire fitilarsa mai kyau a banza, mai ganin babu komai kuma zai ci gaba da kashe wa mutane ido a titi yana ganin yana kan daidai.

Ita zenon kanta babu dokar da ta hana ta. Tun 1991 kamfanin BMW ya fara fito da mota da ita, kuma duk motar da ta taho da zenon ɗinta daga kamfani babu ruwan kowa da ita. Abin da doka ta ƙi a Amurka da Turai shi ne ka zare ƙwan halojin, wato ƙwan fitilar mota da aka saba da shi, daga gidan fitilar da aka ƙera don halojin, ka cusa ƙwan zenon a wurin, ka liƙa balas ɗinsa, wato na'urar da ke tayar masa da wuta tana daidaita ta, a gefe. Wannan kit ɗin da ake sayarwa a intanet kenan, ƙwai biyu da balas biyu da wayoyi.

Dalilin kuwa sai ka riƙe ƙwayayen biyu a hannu za ka gane. Na halojin in ka duba cikin gilashin za ka ga ɗan siririn zaren ƙarfe a nannaɗe, miƙaƙƙe, a zaune wuri ɗaya, kuma madubin da ke bayan fitilar gaba ɗaya an lissafa shi ne a kan inda zaren nan yake. Na zenon babu zare sam, tartsatsin wuta ne ke tsalle tsakanin ƙarafa biyu a cikin iskar gas, yana ɗan lanƙwashewa sama, kuma ƙarfin haskensa ya fi taruwa a bakin ƙarafan biyu. To madubin da aka yi don zare ba zai iya tattara wannan hasken ba, sai ya watsa shi ko'ina, har sama inda idon direban da ke tahowa yake. Ga shi kuma hasken ba kaɗan ba, ƙwan H7 na halojin mai wat 55 yana ba da wajen lumen 1,500 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), shi ko D2S na zenon mai wat 35 wajen 3,200. Wato ninki biyu da wani abu, a cikin gidan da bai san inda zai kai shi ba. Kai da ke ciki za ka ga gabanka fari tas ka ce ai yanzu na samu fitila, alhali gaban bamba ne ya cika da haske, idonka ya tsuke, can nesa inda ya kamata ka hango mutum ko dabba kuma ka rage gani.

A a-kori-kura abin ya fi muni saboda tsayi. Dokar Amurka ta yarda a ɗora fitilar gaba tsakanin inci 22 zuwa 54 daga ƙasa, to babbar a-kori-kura fitilarta daidai take da madubin ƙaramar mota. Ka loda kaya a bodi ko ka ɗaura tirela, baya ya zauna gaba ya ɗaga, sai dim ɗinka ya koma kamar ful a idon na gabanka.

Yanzu batun tarar da ke tsorata mutane. A Amurka ƙa'idar fitilun mota ita ce FMVSS 108, NHTSA, hukumar tarayya mai kula da kiyaye haɗurran mota, ke kula da ita, kuma hukumar ta sha faɗa cewa kit ɗin zenon da ake sa wa a gidan halojin ba zai taɓa cika ƙa'idar ba. Amma dokar tarayya wa take kamawa? Mai ƙerawa, mai shigowa da kayan, mai sayarwa, da garejin da ke karɓar kuɗi ya sa wa mutane. Su ne aka hana su sayar da kayan da bai cika ƙa'ida ba, su ne kuma aka hana su lalata wani abin kariya da mota ta taho da shi. Tarar nan ta dala 21,000 a kan kowane laifi da aka sa a dokar 2015, wadda ake ɗan ƙara ta lokaci-lokaci saboda hauhawar farashi, tasu ce. Kai mai mota da ka sa abinka da hannunka ba ka cikin wannan sashen.

Sai dai kar wani ya ji haka ya ce shi kenan ya tsira. Hawa titi da motar hurumin jiha ne, kowace jiha da tata dokar, ɗan sanda zai iya tsayar da kai ya rubuta maka takarda, a jihar da ake duba lafiyar mota kuma motar za ta iya faɗuwa. A wuri irin Kalifoniya laifin kayan mota irin wannan yawanci takardar je-ka-gyara ake bayarwa, ka gyara ka kai shaida. Launi ma abin lura ne, zenon na kamfani wajen 4,300K yake, fari ne mai ɗan ɗumi, waɗannan masu 8,000K zuwa sama da suke komawa shuɗi sun fi jawo hankalin 'yan sanda, kuma haskensu a kan kwalta ya ma fi rauni, lambar K ɗin nan launi take nunawa ba ƙarfi ba.

Tambarin DOT kuwa nan ne aka fi cutar mutane. Gwamnatin Amurka ba ta gwada fitila ta buga mata hatimin amincewa, kamfani ne da kansa yake buga DOT yana cewa kayana sun cika ƙa'ida, in ƙarya ya yi daga baya a kama shi. Don haka kwalin kit da aka rubuta wai DOT ta amince da shi, rubutu ne kawai. Haka wanda aka rubuta wai na shiga daji ne ba na titi ba, mai sayarwa ne ke neman wanke kansa ya bar ka da abin.

A Turai sun ma fi tsanantawa. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 48 ta ce duk dim ɗin da ƙwansa ya haura lumen 2,000 dole a haɗa shi da abin wanke gilashin fitila da kuma na'urar da ke daidaita kan fitilar da kanta in an yi lodi. Ka duba jikin gilashin fitilarka, in ka ga HC ko HR ko HCR ta halojin ce, in DC ko DR ko DCR ka gani ita ce aka yi don zenon. A Ingila motar da aka sa wa zenon a gidan halojin faɗuwa take a gwajin lafiyar mota da ake kira MOT, sai dai tsofaffin da aka fara hawa kafin 1 ga Afrilu 1986.

Ni a ganina dokar tana da gaskiya a kan ƙwan, amma yadda ake aiwatar da ita akwai rashin adalci. Kit ɗin nan a fili ake tallarsa, wanda babbar tarar ta shafa ba kasafai ake taɓa shi ba, sai talaka direban da fitilarsa ta dusashe yana neman ya ga hanya da daddare shi ne zai sha tsayarwa. Ga kuma sababbin manyan motoci masu LED na kamfani da ke kashe ido sosai amma su halal ne a takarda. Wannan ƙorafin gaskiya ne, sai dai bai mayar da kit ɗin daidai ba.

Wanda yake son zenon da gaske, hanyar ita ce ya canza gidan fitilar gaba ɗaya da wanda aka ƙera don zenon kuma ya cika ƙa'idar ƙasar da yake, mafi sauƙi na kamfanin motar in samfurin yana da shi. Kafin ma a kai nan, a duba gilashin ko ya yi rawaya a goge shi, a sa mai waya ya auna ko wuta na isa ƙwan yadda ya kamata, don tsohuwar waya na cin haske ba kaɗan ba. Sannan ka ajiye motar a wuri mai baje kamar mita 7 da rabi daga bango da daddare ka kunna dim. Fitila mai lafiya za ka ga hasken ya yanke a layi, ƙasa haske sama duhu, kuma layin yana ɗan ƙasa da tsayin fitilar. In ka ga hasken ya fantsama har saman bangon babu layi, to abin da ke shiga idon duk wanda ya taho ta gabanka kenan, a loda bodin kuma a sake gwadawa a ga inda layin ya koma.