Waiwaye: Wa ke koya wa yaranmu waƙa a cocin Zariya?

Kwanan nan duk taron matasa da ka je, a Sabon Gari ne ko Samaru ko Wusasa, sai ka ji ana maganar a riƙe hannun yara masu baiwar waƙa da kiɗa da zane, a ja su a jiki, a koya musu. Yadda ake faɗar abin sai ka ɗauka sabuwar dabara ce aka shigo da ita, alhali garin nan ya daɗe yana horar da mawaƙa, tsarin ne ya warware a hankali ba wanda ya lura.

Dakta Walter Miller na CMS, mishan ɗin cocin Anglican, ya zauna a cikin birnin Zazzau tun 1905, a 1929 kuma mishan ta koma Wusasa, inda aka haɗa makaranta da asibiti da majami'ar St. Bartholomew wuri guda. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito. To yaron da ya tashi a wannan wuri ba sai an shirya masa wani taron bita ba, da safe waƙa a makaranta, da yamma firatis, ran Lahadi yana tsaye a kwaya, kuma sau da yawa malamin da ya koya masa lissafi shi ne zai rubuta masa do re mi da alli a allo, yana buga benci da sanda har sai kowace murya ta zauna a layinta. Wurin da ya fitar da su Dakta R.A.B. Dikko da Farfesa Ishaya Audu da Janar Yakubu Gowon ke nan.

Amma fa akwai gurguwar ƙafa a tsarin. Waƙoƙin Littafin Waƙoƙi yawanci karin Ingila da Amurka ne aka ɗora wa kalmomin Hausa, shi ya sa wani baitin sai ka ji an ja gaɓar da bai kamata a ja ba. Ganga kuwa mishanari da yawa ba su sake da ita ba. Ga kuma namu halin, a ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, ana yi wa makaɗi kallon maroƙi, uban da ya sha wuya ya sa ɗansa a boko likita yake so ko malami. Saboda haka an koya wa yara rera waƙa da kyau, amma ƙirƙirar waƙa ba a ɗauke ta abin koyarwa ba.

Iyayenmu mata ne suka fasa wannan ƙulli, kuma a ganina har yau ba a ba su haƙƙinsu ba. Zumuntar Mata ba su jira izinin kowa ba, suka ɗauko tulu da ganga da caki, suka ɗauki aya suka mayar da ita waƙa da amshi irin ta gida. Ka duba yadda suke koyarwa: Mama za ta zaunar da amaryar da ta shigo zumunta a gefenta, ta miƙa mata tulun da abin buga bakinsa, in ta kauce ko magana ba za ta yi ba, gwiwarta kawai za ta taɓa, a sake daga farko. Bayan wasu watanni ita ma an ba ta baiti ta ja. 'Yan Sabon Rai, masu wa'azin bishara da waƙa, da suka bazu a shekarun 1960 su ma haka suka riƙa yi, da kunne ake ɗauka, babba na gaba ƙarami na bi.

Ɓangaren zane kuwa abin ya fi ba ni takaici. A 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin da ta zama ABU a 1962, suka ce ba za su kwaikwayi Turai ido rufe ba. Daga baya Onobrakpeya ya zana Hanyar Gicciye wa wata coci a Legas, Nwoko ya tsara majami'ar 'yan Dominikan a Ibadan, shi Grillo ma da yake Musulmi ya yi wa coci-coci tagogin gilashi masu zane. Zariya ta horar, wasu suka mora. Mu a nan yaron da ya iya zane har gobe aikin da ake ba shi rubuta banar taron farkawa.

Da gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, sakandaren mishan ta St. Paul's ta koma Kufena College, igiyar da ta ɗaure aji da kwaya ta tsinke. FCS, ƙungiyar ɗalibai Kiristoci wadda aka kafa a Gindiri a 1957, ta ɗan cike gurbin a sakandare, haka ma ƙungiyoyin ɗalibai a Chapel of Redemption na Samaru, nan jita da kibod da ganga irin ta Turawa suka samu gindin zama. Sai dai ɗalibi baƙo ne, shekara huɗu ya kammala ya tafi da hannunsa. Rikicin 1987 da ya taso daga Kafanchan aka ƙona majami'u da yawa a Zariya shi ma ya mayar da hankalin shugabanni kan bulo da kwano na tsawon lokaci. Ana cikin haka Jos ta zama cibiya, mawaƙin bishara Panam Percy Paul ya buɗe makarantar koyon waƙa a can, mai son abin da gaske sai ya hau mota.

Yanzu malamin yara waya ce. Yaro zai kwana yana kallon YouTube, wata uku ya fara danna kibod a sujada, kowa na tafi, amma ki ɗaya ya iya, wato matakin sauti guda, sauran duk da maɓallin canja ki yake lallaɓawa, ran da Mama ta ɗauko waƙa daga inda muryarta ta ga dama sai ka ga gumi. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya zauna da shi. Da laftof da makirfo ɗaya a ɗaki ana haɗa waƙa a tura Audiomack, kuma irin su Solomon Lange sun nuna cewa waƙar bishara da Hausa tana da masu saurare har Kudu, amma wa zai duba wa yaro baitinsa ya ce nan Hausarka ta karye, nan kuma abin da ka faɗa ba haka Nassi ya ce ba?

Sai maganar kuɗi, wadda dattawa ba sa son a tayar. Ƙaramar coci za ta yi haƙuri da yaro yana kuskure shekara da shekaru, da hannunsa ya faɗa sai babbar coci mai biyan alawus ta ɗauke shi. Dattawa su ce hidimar Ubangiji ba kasuwa ba ce, yaro ya ce Baba, kuɗin makaranta fa, da kuɗin situdiyo? Kowa da gaskiyarsa. Abin da na lura shi ne idan kwamiti ya zauna kasafi, sifika da miksa da man janareta ba sa shan gardama, da an ce a ware wani abu don malamin da zai koyar da yara a lokacin dogon hutu sai a ce a bar shi sai zama na gaba.