Mene ne "tallafi"? Kuɗin asambili ga makaɗa, 'yan wasa da masu sana'ar gargajiya

Duk ƙungiyar da ka zauna da ita a Aboabo ko Asawase, unguwannin zango na Kumasi a Gana, ta makaɗa ce, ta 'yan wasan kwaikwayo ce, ko ta samarin da ke shirya kokawa bayan Sallah, da wuya a tashi taro wani bai ce, "Mu rubuta wa asambili su ba mu tallafi" ba. Kowa sai ya gyaɗa kai. Amma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar kowa da abin da yake nufi. Wani ambulan yake hange, wani rance, wani kuwa so yake kawai shugaban asambili ya zo ya zauna a kujerar gaba.

Asambili dai ita ce ƙaramar hukumar da ke kula da gari ko gunduma. A wurin ma'aikatan gwamnati, tallafi, wanda suke ce wa giranti, kuɗin jama'a ne da hukuma ke bai wa ƙungiya don ta yi wani aiki takamaimai da aka amince da shi a rubuce. Ba a mayar da kuɗin, amma ana mayar da bayani: me aka saya, nawa, a wurin wa, kuma me ya fito daga aikin. Nan ya rabu da bashi, wanda ake biya har da ruwa. Ya kuma rabu da kwangila, inda hukuma ke sayen aiki don kanta. In asambili ta ɗauki makaɗa su yi wasa a faretin 6 ga Maris, ranar 'yancin kai, ta sallame su, wannan ladan aiki ne. Kamfanin waya ko na lemo da ya biya kuɗin rumfa don a kafa tutarsa a fili, talla ya saya. Ambulan ɗin da ɗan siyasa ya miƙa wa sarkin makaɗa a bainar jama'a kuwa alheri ne daga aljihunsa, babu mai tambayar rasit, babu kuma mai tabbacin za a sake gani baɗi.

Wannan na ƙarshe shi ya fi rikita mu, domin da shi muka saba. Kiɗan zango da liƙi ya rayu, da kyautar sarakuna da attajirai, da gudummawar biki. A wannan tsari mai bayarwa ya gama nasa da zarar ya bayar, mai karɓa kuma godiya da kirari ne nasa. Kuɗin asambili ba haka yake ba, saboda ba na mai sa hannu ba ne. Akwai Babban Mai Binciken Kuɗi na ƙasa da ke bin littattafan kowace asambili duk shekara, kuma jami'in da ya fitar da kuɗi babu takarda shi zai amsa tambaya.

To, daga ina asambili ke samun abin da za ta bayar? Manyan hanyoyi biyu ne. Ta farko abin da take tarawa da kanta: tikitin kasuwa da na tasha, harajin gidaje, lasisin shaguna, tarar masu laifi. Ta biyu asusun haɗaka na asambiloli, wanda kowa ke kira Kwaman Fan. Sashe na 252 na kundin tsarin mulkin 1992 ya wajabta wa gwamnatin tsakiya ta ware abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba, a raba wa asambiloli duk wata uku, bisa tsarin rabo da majalisar dokoki ke amincewa da shi kowace shekara. A takarda ke nan. A aikace kuɗin kan makara, wani zubin wata da watanni, kuma in ya iso yana zuwa da ƙa'idojin inda za a kashe shi. Kwata na jira, bola na jira, ga ajin makaranta da rufinsa ya yaye. Mai neman kuɗin fatar ganga a bayan waɗannan yake tsaye, gara ya san haka tun kafin ya fita daga gida.

Sai batun ƙofar da za a buga, kuma a nan takardu da yawa ke ɓata. Mutum ya ce shi ɗan Kumasi ne, sai ya nufi ofishin KMA, asambilin birnin Kumasi, da ke Adum. Alhali tun 2012 aka yanke Asokore Mampong daga KMA aka yi mata asambilinta, kuma Aboabo, Asawase, Sawaba da Akwatia Line duk a ƙarƙashinta suke. A 2018 aka sake yanke wasu biyar: Oforikrom, Old Tafo, Suame, Kwadaso da Asokwa. Ke nan ɗan zangon Tafo da ɗan zangon Ayigya ba ofishi ɗaya za su je ba. Kowace asambili da kasafinta, kuma ba ta kashe kuɗi a unguwar da ba tata ba.

Abin da ya fi kome muhimmanci, a ganina, lokaci ne. Shekarar kuɗi ta gwamnatin Gana daga Janairu take farawa ta ƙare a Disamba, kasafin kowace shekara kuwa tun a watannin ƙarshe na wadda ta gabace ta ake haɗa shi a amince da shi. Shi kansa kasafin daga tsarin raya ƙasa na shekara huɗu ake tsamo shi, wanda kowace asambili ke rubutawa bayan ta ji bukatun unguwanni. Abin da bai shiga tsari ba da wuya ya shiga kasafi, abin da bai shiga kasafi ba kuwa jami'in kuɗi ba shi da hurumin biyansa, ko da yana son kiɗan kalangu kamar ransa. Mu kuma sai saura mako biyu Sallah muke buga wasiƙa. Wanda ke son tallafin wasan Sallar baɗi, bana zai fara zirga-zirga.

Mutumin farko da za a gani shi ne asambiliman, wato wakilin unguwa a asambili. Kashi 70 cikin 100 na 'yan asambili zaɓarsu ake yi, ba a ƙarƙashin tutar jam'iyya ba, sauran shugaban ƙasa ke naɗawa, kamar yadda yake gabatar da sunan shugaban asambilin. Asambiliman ba shi da kuɗin bayarwa, amma shi ke da bakin magana a zauren, kuma shi zai iya tura batu gaban kwamitin walwalar jama'a da na kuɗi. Irin zancen da ke amfani a wurinsa ba "Honarabul, a taimaka mana" ba ne. Cewa za a yi, "Honarabul, yara ashirin muke so mu koya wa kiɗa a hutun makaranta, ga malamansu, ga wurin, ga lissafi. Yaushe ake zaman jin bukatu?" Daga nan sai jami'in tsare-tsare da na kasafi. Akwai kuma jami'an Cibiyar Al'adu ta Ƙasa, wadda babban ofishinta na yankin Ashanti yake wajen Bantama. Dakta Alexander Kyerematen ne ya assasa wurin a 1951, yanzu kuma yana ƙarƙashin Hukumar Al'adu ta Ƙasa da aka kafa a 1990. Su ba taskar kuɗi ba ne, amma wasiƙarsu da ke shaida cewa sun san ƙungiya tana da nauyi, kuma su ake tambaya in ana neman masu wakiltar yanki a bikin al'adu na ƙasa.

Hukuma ba ta zuba kuɗin jama'a a momon mutum ɗaya, wato asusun kuɗinsa na waya. Tana son ta ga ƙungiya mai rajista, mai tsarin mulki a rubuce, da shugabanni da aka sani, da asusun banki da sunan ƙungiyar wanda aƙalla mutum biyu ke sa wa hannu. Ƙungiyoyin da ba na riba ba a ofishin Magatakardan Kamfanoni suke rajista, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2019, kuma za a nemi katin Gana na shugabannin. Dattawa kan ji wannan kamar raini. Wani sarkin makaɗa zai ce, "Yaro, kakana ya yi wa sarkin zango kiɗa, yau ni za a tambaya satifiket?" Amsar da sakatare mai hankali zai ba shi ita ce, "Baba, ba kai suke tuhuma ba, takardar ce ke kare wanda zai sa hannu." Gaskiyar ke nan kuwa.

Lissafin ma da nasa ladabi. "Kayan kiɗa, sidi dubu goma" ba lissafi ba ne. A rubuta fatar akuya guda nawa, kowace nawa, tsarkiya, ladan mai ɗaure ganga, hayar rumfa da kujeru, lasifika, man janareta, ruwan leda na yara. A nuna abin da ƙungiya za ta kawo da kanta, ko da filin makaranta ne da aka ba ta aro ko guminta, domin mai bayarwa ya fi sakin jiki da wanda ya sa nasa. In an samu kuɗin, ba a karkatar da shi. Abin da aka karɓa don fata ba ya komawa ankon mata, komai matsin lamba. In dole ta sa a canza, a rubuta a nemi izini.

Wurin da ƙungiyoyinmu suka fi faɗuwa shi ne rasit. Mai sayar da fata ba shi da littafin rasit, haka mai ɗinkin hula, haka tsohon da ya gyara algaita. Sai a gama wasa lafiya, kowa ya yaba, a zo rufe lissafi a rasa abin nunawa. Maganin shi ne tun ranar karɓar kuɗi a tambayi jami'in kuɗi wace takarda yake karɓa a madadin rasit, a riƙa rubuta kowane biya a sa mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala, a ajiye saƙon momo, a ɗauki hoto. Ƙungiyar da ba ta rufe lissafin bara ba, ta rufe wa kanta ƙofa, wani lokaci har da maƙwabtanta, don sai a ce 'yan zango ba sa kawo takarda.

Akwai wani abu da ba a faɗa a fili. A Kumasi in an ce al'ada, abin da ke fara zuwa zuciyar ma'aikaci shi ne rawar adowa da kiɗan kete da saƙar kente, kuma ba laifinsa ba ne, garin Asante ne. Kalangu da algaita, tashen azumi, zayyanar allo, aikin dukawa, tsofaffin takardun ajami da ke cikin akwatunan gidajen malamai suna cin ƙura, waɗannan sai an yi masa bayani, in ba haka ba ya ɗauke su harkar biki ko ta addini kawai. Mu ma da namu sakaci: mun fi kai wa asambili kukan kwata da fitila, ba mu taɓa sa ajami cikin jerin bukatu ba. Mai sayar da koko a Aboabo tana biyan tikiti kamar kowa, saboda haka neman kason al'adunta a kasafi ba roƙo ba ne.

Ba asambili kaɗai ce ƙofa ba. Dokar Asusun Raya Zango ta 2017 ta ambaci al'adu da fasaha cikin abubuwan da asusun zai tallafa wa, dokar masana'antar fasaha ta 2020 ta tanadi hukuma da asusu na masu wannan harka, ɗan majalisar mazaɓa kuma yana da nasa kaso daga Kwaman Fan. Kowannensu da ƙa'idarsa, kuma kasancewar asusu a doka ba ya nufin akwai kuɗi a cikinsa yau.

Sau da yawa ma abin da asambili za ta iya bayarwa cikin sauƙi ba tsabar kuɗi ba ne: aron zaure ko fili, rangwamen kuɗin izini, kujeru, motar kwashe shara bayan taro, 'yan gadin gari su tare hanya. A lissafa waɗannan da sunansu a cikin wasiƙar, domin jami'in da ba zai iya sa hannu a kan sidi ɗaya ba yana iya ba da zaure a ranar. Sanar da 'yan sanda kuwa aikin ƙungiya ne ba na asambili ba, kuma dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta ce a yi shi a rubuce, aƙalla kwana 5 kafin taron.